Ƙafar Yaya a Kunnen Auta

Ranar Litinin bayan an tashi daga gwaji, Anti ta tare Auta a bakin ƙofa, jitarsa rataye a kafaɗa, ta gaya masa abin da kowa a ƙungiyar ya riga shi sani.

"Auta, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Wasan Asabar ɗin nan shi ne na ƙarshe. In kiɗa ya sake rabuwa biyu kamar na makon jiya, wani mai bes zan kawo."

"Na ji, Anti."

"Ba don ba na ganin girmanka ba ne."

"Na ce na ji."

Anti ce mai waƙa, ita ce kuma mai ƙungiyar, mace ce da magana ba ta kwana a cikinta. Auta kuwa shekararsa arba'in da shida, furfura ta fara cin gemunsa, amma tunda shi aka haifa ƙarshe a ɗakinsu, sunan ya bi shi har kan dandamali. Shekara goma sha tara ke nan yana kaɗa jita bes, mai tsirkiya huɗu masu kauri, kuma duk shekarun nan wuri ɗaya yake tsayawa: gefen ganguna, inda yayansa yake zaune.

Wanda bai san kiɗa ba sai ya ɗauka mai bes ɗan rakiya ne. Ba haka ba ne. Aikin mai bes da na mai ganga aiki ɗaya ne da aka raba wa mutum biyu. Mai ganga ya taka feda da ƙafar dama, babbar ganga ta ce dum, yatsan mai bes ya faɗa kan wannan dum ɗin, ba gaba ba baya. Masu rawa ba su san da wannan ba, amma ƙafafunsu sun sani. Da zarar su biyun sun saɓa, sai ka ga mutane suna komawa kujerunsu ɗaya bayan ɗaya, su kansu ba su san dalili ba.

Wata bakwai ke nan mutane suna komawa kujerunsu. Yaya dai ba mai zarginsa. Agogo ake ce masa, kuma ya ci sunan, don an yi shekaru ana cewa ko saita lokaci kake so ka saurari ƙafarsa. To in agogo bai yi kuskure ba, wa ya rage? Auta da kansa ya yarda shi ne. A kan dandamali ba ya jin abin da yake kaɗawa. Mai fiyano yana da tasa lasifika, mai ƙaramar jita yana da tasa, kowa yana ƙara murya don ya danne ɗan'uwansa. In Auta ya murɗa amfilifayarsa sama, Anti ta juyo ta harare shi. In ya rage, sai ya koma kaɗawa da ka, yana kallon yatsunsa yana fatan alheri.

Daga wurin gwaji ya wuce shagonsa, inda yake gyaran fanka da firji. Ya kwance wata fanka ya baje kayan cikinta a kan tebur, ya tashi ya leƙa waje, ya dawo. Ya ɗauki sukurdireba ya ajiye. Ya sake tashi ya gyara zaman wani firji da bai yi masa laifin komai ba. Har ya rufe shago fankar tana nan a baje, ya ma manta abin da mai ita ya ce yana damunta.

Washegari ya tafi wurin Injiniya, mutumin da yake zama bayan mikisa, na'urar haɗa sauti, a duk wasan da suka yi. Shagonsa ɗan tsukut ne, wayoyi sun sauko daga rufi har suna taɓa kan mutum. Ya tarar da shi yana liƙa wata waya da dalma, bai ko ɗago ba.

"Na ji abin da Anti ta ce. Zauna."

Auta bai zauna ba. "Ba na jin kaina, Injiniya. Sai na riga na kaɗa, sannan in ji sautin yana dawo mini daga bango."

"To bangon kake bi ke nan. Shi kuwa bango kullum a makare yake."

Ya ajiye abin liƙin, ya jawo aljihun tebur, ya tona ya fito da wani ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanka girma ba, da maƙali a bayansa. Ya hure ƙurar da ke kansa.

"Wannan a ɗamara ake maƙala shi. Wayar jitarka ta shiga nan, ta fita nan ta wuce amfilifaya kamar kullum. Iyafis ɗinka, na sawa a kunne, ya shiga nan. Batir ɗaya ne, ka riƙa yawo da wani a aljihu. Shi ke nan, ba wani asiri."

A saman akwatin akwai abin murɗawa guda biyu. Injiniya ya yago farin salatif ya manna a ƙarƙashin kowanne, ya rubuta NI a ɗaya, SU a ɗayan.

"SU fa?"

"Nan ake shigo da sauran 'yan ƙungiya. Amma layukan mikisata sun ƙare. Anti ta ɗauki ɗaya, mai fiyano ya yi mini kuka har na ba shi na biyun. Ka fara da kanka tukuna, ai kanka ka ce ba ka ji." Ya miƙa masa iyafis mai bakin roba. "Ka tura su ciki sosai su toshe. Ka fara da murya ƙasa-ƙasa. Kuma don Allah kada ka cire kunne ɗaya ka bar ɗaya. Duk wanda ya yi haka sai ya ƙure muryar ɗayan, ya ƙona kunnensa da hannunsa."

Ranar Laraba da yamma aka yi gwajin ƙarshe kafin wasa. Yaya ya riga kowa zuwa kamar yadda ya saba a 'yan watannin nan, yana zaune bayan gangunansa, silifas a ƙafa. Auta ya maƙala akwatin, ya zura wayar iyafis ta bayan riga, ya tura robobin cikin kunne. Ɗakin ya yi tsit. Yana ganin bakin mai fiyano yana motsi, ba ya jin me yake cewa. Ya murɗa NI kaɗan, ya taɓa tsirkiya mafi kauri.

Sai da tsikar jikinsa ta tashi. Shekara goma sha tara yana kaɗa abin nan, bai taɓa jin muryarsa haka ba. Ga sautin nan a tsakiyar kansa, cikakke, mai nauyi, har gogar yatsa a kan tsirkiya yana ji. Daɗi ya kama shi, irin daɗin da ke sa babba ya manta da girmansa. Ya ga Yaya ya ɗaga sanduna ya ƙirga huɗu, ya shiga tare da kowa, daga nan ya lumshe ido.

Ya kaɗa kamar bai taɓa kaɗawa ba. Ya yi ado a inda bai saba yi ba, ya hau ya sauka, yana gyaɗa kai. A ransa yana cewa yau Anti za ta san da wa take magana. Can ya ji an taɓa kafaɗarsa, ya buɗe ido.

Kowa a tsaye yake, hannu a sake. Anti ta ajiye makirufo tun tuni, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Mai fiyano ya kifa kai a kan fiyanonsa, kafaɗunsa suna rawa. Auta ya zare iyafis.

"Waƙar ta ƙare, ranka ya daɗe," in ji mai fiyano yana share hawaye. "Mun tsaya mun sha ruwa, har na amsa waya. Kai kaɗai ka wuce da motar."

Kowa ya yi dariya ban da mutum biyu. Anti ta ce, "Tun baiti na biyu ka rabu da mu." Ta shiga naɗe wayar makirufonta. Na biyun Yaya ne. Da a da ne, da tuni ya jefe shi da sanda ya ce, "Auta, dawo gida." Yau kuwa kansa a sunkuye, yana murza wani ƙarfe da ba ya bukatar murzawa. Wannan ya fi dariyar yi wa Auta ciwo. Ya ce a ransa, har Yaya ma kunyata yake ji.

Ranar Alhamis bai iya zaman shago ba, ya dawo gida tun rana da sauran tsayi. Gidansu a hawa na uku yake. Matarsa tana guga a falo, shi kuma yana kai da komo tsakanin taga da ƙofar kicin. Ya ɗauki jita ya ajiye. Ya buɗe akwatin ya duba batir, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Maigida, ko dai ka zauna ko ka fita. Kana sa ni jiri."

"Kunnena ya mutu, shi ke nan. Tsufa ne."

Ta tsayar da dutsen gugar. "Kunnenka? Kai da shekaranjiya ka tsaya a tsakiyar cin abinci ka ce fankar maƙwabta tana cin ƙarfe? Ta bango fa ka ji ta. Kuma da suka kawo maka, haka ne."

"Fanka daban, kiɗa daban."

"To. Ni dai ban san kurman da yake jin fankar maƙwabta ba." Ta juya rigar ta ci gaba. "Ka yi magana da Yaya mana. Ba tare kuke tsayawa ba?"

"Me zan ce masa? Ko kallona ba ya yi."

"Mu ma ya daina zuwa mana. Rabonsa da hawa benen nan har na manta. Ranar da 'yarka ta yi zazzaɓi, a ƙasa ya tsaya ya bugo waya, wai sauri yake yi. Mutumin da yake zuwa ya cinye mana abincin dare ya nemi ƙari."

"Kin gani? Guduna yake yi."

Ya koma taga. Tsoro ne yake cinsa, kuma ya san ba na rasa abin yi ba ne, tunda yana da shago. Tsoron ranar Asabar ta zo ta same shi a gida yake yi, wani yana tsaye a wurinsa, kusa da yayansa.

Da safiyar Juma'a ya koma wurin Injiniya ya ba shi labari. Injiniya ya yi dariya har da tari, sannan ya ce laifinsa ne, da bai bar ramin SU a buɗe ba. Ya sake tona aljihun tebur ya fito da wani ɗan makirufo, girmansa bai wuce kan yatsa ba, da ɗan maƙali da doguwar waya.

"Ba ka bukatar kowa da kowa. Ganga kake nema. Ka maƙala wannan a ƙarfen da ke kusa da gwiwar Yaya, tsakanin kujerarsa da babbar ganga, ka kawo wayar ramin SU. Ƙafarsa za ta shigo maka har cikin ka."

Wasan Asabar na ƙarfe huɗu ne, a zauren taro na wani kamfani, inda ake sallamar wani ma'aikaci da ya yi ritaya. Irin zauren da Auta ya tsana ne: ƙasa tayil, gefe ɗaya gilashi tun daga sama har ƙasa, rufi can nesa. Ko tari ka yi sai ya dawo maka sau biyu. Da suka iso da kaya, Yaya yana zaune bayan ganguna, an riga an haɗa masa komai. Auta ya durƙusa ya maƙala makirufon.

"Mene ne kuma wannan?"

"Don in ji ka, Yaya."

Yaya ya dubi ɗan abin, ya kau da kai. A bayan zaure, kusa da teburin Injiniya, Auta ya hango wani mutum da ba ya cikin 'yan kamfani, ya jingina da bango, yana kallon dandamali da idon mai auna wuri. Ba sai an gaya masa ko wane ne ba: mai bes ɗin da Anti ta ce za ta kawo ne.

Aka gama jawabai, aka ba mai ritaya agogon bango da tafi. Yaya ya ƙirga huɗu.

Waƙar farko ta tafi sumul. Babbar ganga tana cikin kunnen Auta, dum, dum, kamar a ƙirjinsa ake buga ta, nasa sautin kuma yana zaune a kanta daram. Idonsa a buɗe wannan karon. Mutane suka fara tashi, wata mata mai jan mayafi ta ja mai ritaya tsakiyar fili. Anti ta waiwayo, ba harara. A waƙa ta biyu har murmushi Auta ya yi.

A ta uku ne ya ji. Waƙa ce mai sauri, ƙafa tana taka feda sau biyu a jere, dum-dum, sannan ta huta. Na farkon ya zo daidai. Na biyun ya makara, kaɗan ƙwarai, abin da a cikin hayaniyar zaure ba wanda zai ce ga shi. Auta ya ɗauka shi ne ya yi gaba, ya ja baya. Ya sake zuwa, ya sake makara. Ya rage NI, ya ƙara SU. Hannuwan Yaya suna nan daidai, sanduna ba su kuskure ko ɗaya ba. Ƙafar ce take zuwa a baya, wani lokaci ma bugu na biyun ba ya zuwa sam.

Sai kuma ya ji wani abin da ba ganga ba. Duk sanda feda ta sauka, akwai wani ɗan sauti a bayanta, iska ce ake ja ta tsakanin haƙora. Da aka zo inda kiɗa yake lafawa Anti ta yi magana da jama'a, sai ya ji shi sarai, muryar da ya sani tun yana goye: "Wash. Wash, Allah."

Ya juya. Yaya yana murmushin da ya saba yi wa jama'a, gumi yana zuba daga haɓarsa. Auta ya sauke ido ƙasa, inda shekara goma sha tara bai taɓa tunanin dubawa ba. Ƙafar dama ta kumbura ta cika silifas, igiyar ta nutse cikin nama, idon sawu ya ɓace. Tsakanin bugu da bugu Yaya yana ɗage ta daga feda yana jingina ta a gefe.

Nan take komai ya jeru a kan Auta: zuwa da wuri a zauna kafin kowa, silifas a wurin wasa, bene hawa uku. Wata bakwai. Yatsunsa suna tafiya su kaɗai, kansa yana wani wuri. Ba kunnensa ba ne. Bai taɓa zama kunnensa ba. Ya ji daɗi, kada a ɓoye, daɗi mai zafi na wanda aka wanke. A bayan daɗin fushi ya taso.

Yanzu da yake jin komai, abu ne mai sauƙi. Ya tsaya a kan lokaci daidai, tare da Anti da fiyano, ya ƙi jira. Kafin waƙar ta ƙare duk mai kunne zai gane ganga ce take jan ƙafa. Anti za ta gane, mutumin bayan zaure ma zai gane, ya koma gida da jitarsa. Sai dai ranar Litinin wani za a tare a bakin ƙofa, wanda ba shi da shago, ba shi da wata sana'a, tun yana saurayi ganga kawai ya sani. In kuma ya bi ƙafar ya makara tare da ita, waƙar za ta yi nauyi, mutane su zauna, a ce mai bes ya sake.

Matar mai jan mayafi ta fara waigen kujerarta.

Auta ya matsa har gwiwarsa ta taɓa ƙarfen ganga, ya sunkuya wajen kunnen Yaya.

"Taka na farko kawai. Bar mini na biyun."

Yaya ya ɗago. Murmushin ya tafi.

"Na ce bar mini."

Ya kwantar da tafin hannunsa a kan tsirkiyoyi don kada su yi amo, ya doki mai kaurin da babban yatsa. Abin da ya fito ba sautin jita ba ne sosai, wani gajeren dum ne mai nauyi. Yaya ya taka na farko, Auta ya ba da na biyu. Dum daga ƙafa, dum daga yatsa. Karo na farko ya ɗan karkace, na biyu ya zauna. A can baya Injiniya ya ɗago kai, ya dube su su biyu na ɗan lokaci, sannan ya kai hannu ya tura layin bes sama kaɗan.

Haka suka yi waƙa shida. Babban yatsan Auta ya yi ja, ya tashi, ya fashe a ta biyar. Numfashin da ke cikin kunnensa bai daina ba, amma ya ragu da rabi. Matar ba ta zauna ba sai da aka kashe kiɗa.

Suna naɗe wayoyi Anti ta zo, tana fifita da takardar jerin waƙoƙi.

"Rabon da in ji mu haka an yi watanni. Na sallami wancan, na ce ya yi haƙuri." Ta nuna akwatin da ke ɗamararsa. "Ashe duk wannan wahalar kunne ne?"

Yaya yana bayansu, yana kwance faifan ƙarfe a hankali. Hannunsa ya tsaya.

"Kunne ne, Anti," in ji Auta.

Rana ta yi sanyi lokacin da aka fara kai kaya mota. Sauran suka fita da lasifikoki, zauren ya rage daga su biyu sai masu tattara kujeru a can nesa. Yaya bai tashi ba. Auta ya gane yanzu cewa jira yake kowa ya fita kafin ya gwada tsayuwa.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Yaya, tun yaushe?"

"Wata bakwai. Ko takwas."

"Ka je asibiti?"

"In na je cewa za su yi in daina takawa."

Auta ya zare iyafis ɗin da ke rataye a wuyansa, ya naɗe, ya warware, ya sake naɗewa.

"Kana zaune ana ce mini kurma. Kana ji Anti ta ba ni Asabar ɗaya. Ranar Laraba ana yi mini dariya, kana nan."

"Ina nan."

"Na ɗauka kunyata kake ji."

"Kunya nake ji. Ba taka ba." Yaya ya juya sanda a hannunsa. "Kullum sai in ce yau zan faɗa. Sai in ce bari ta sace tukuna, wataƙila mako mai zuwa. Na ce kai ko an cire ka kana da shago. Haka na gaya wa kaina, Auta. Ban ce daidai ba ne."

"Ba daidai ba ne."

"Na sani."

Auta ya so ya ƙara, yana da maganar wata bakwai a bakinsa. Ya dubi ƙafar, sai maganar ta ƙi fitowa, fushin kuma bai tafi ba. Ya durƙusa ya kwance fedar daga jikin babbar ganga da ƙarfin da ya fi na bukata, ya jefa ta cikin jaka. Ya kai hannu zai cire ɗan makirufon, sai Yaya ya riga shi, ya ciro ya miƙa masa.

"Mako mai zuwa kada ka sa mini wannan. Ba na son ana jina."

"Ba a jin ka. Ni kaɗai nake ji."

"Kai ɗin ma."

Auta ya karɓa, ya naɗe wayar a yatsunsa, ya sa a aljihun gaba inda yake ajiye batir.

"Zan sa. In ban ji ka ba, ta ina zan tare ka? Litinin kuma ba zan buɗe shago ba, asibiti za mu. In ka ƙi, ni da bakina zan gaya wa Anti."

Yaya ya dafa kujera ya yunƙura, ya koma ya zauna. Daga waje direba ya danna hon. Auta ya saɓa jitarsa a baya, ya rungumi babbar ganga da hannun hagu, ya juya ya ba yayansa kafaɗar dama ba tare da ya dube shi ba.

"Kama. Na farko kawai za ka taka."

Hannun ya sauka a kafaɗarsa, da nauyi fiye da yadda ya zata. Suka nufi ƙofa a hankali. Babu iyafis a kunnensa yanzu, amma duk taku yana jin iskar nan da ake ja tsakanin haƙora.